Ɗaki Ɗaya a Montana

"Montana? Ita kuma a wace duniya take?"

Rukaya ce ta yi tambayar, tana tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Shigowarta ke nan daga gidan tsohuwar da take jinya a Manhattan, ta tarar falon Mma Hamdatu ya koma kamar ofishin masu sayar da tikiti. An ture kwanuka gefe, an shimfiɗa wata ƙatuwar taswira a kan tebur, an danne kusurwoyinta da kwalbar yajin shito da rimot da takalmin yara.

Sheriff ya ɗago yana murmushi. Direban tirela ne, shekara goma sha biyu yana keta Amurka gabas da yamma, don haka in ana maganar hanya ba ya son a rigaye shi.

"Zo ki gani," in ji shi. Ya ɗora yatsa a kan New York, ya ja shi hagu, ya yi ta ja har sai da ya kusa faɗowa daga tebur, sannan ya tsaya can sama dab da Kanada. "Nan. Duwatsu ne har cikin gajimare. Akwai wani tafki, in kika leƙa za ki ga tsakuwar ƙasansa ja da kore da shuɗi. Sau huɗu ina ratsa jihar da kaya, ban taɓa tsayawa na more ba."

"To Allah ya ba ka ikon tsayawa, Yaya Sheriff."

"Da ke za mu. Bayan ƙaramar Sallah da sati biyu. Hanyar kan dutsen sai wajen Yuli ake gama kwashe mata ƙanƙara."

Bari in tsaya nan in warware muku, don kada ku ɗauka mata da miji ne ke hira. Rukaya bazawara ce, 'yar Zangon Kumasi, shekararta talatin da biyu. Mijinta ya rasu a gida, ƙanin mahaifinta Baba Tamimu ya jawo ta unguwar Morrisania a New York ta zauna da shi da matarsa Mma Hamdatu. Da bizarta ta kusa mutuwa, sai aka yi abin da ake yi ba a faɗa da ƙarfi: Sheriff, ɗan aminiyar Mma, yana da takardar zama ɗan ƙasa, ya ce zai rufa mata asiri don Allah da zumunci. Suka je suka sa hannu a takardar aure ta gwamnati. Yana gidansa, tana gidansu. Shekara ɗaya da rabi ke nan, ko hannunta bai taɓa riƙewa ba sai in ana ɗaukar hoto.

Kowa a gidan kuma ya san zuciyarta tana can tsallaken ruwa, wajen Faruƙ, Bakano mai aiki a wani kemis a unguwar Port Richmond. Magana ta riga ta tsaya: a yi intabiyu da hukumar shige da fice, takardar zama ta fito, a raba na gwamnati, a ɗaura na Allah da Faruƙ.

"Hutun na mene ne?" Rukaya ta tambaya tana ajiye jaka.

"Na hoto mana," Mma Hamdatu ta karɓe, tana ɓare gyaɗa ba ta ko ɗago ba. "Ba lauyanku ya ce masu bincike za su so ganin kun yi tafiya tare ba?"

"Mma, in hoto ne ga Coney Island nan, jirgin ƙasa ɗaya. In ruwa ake so ga Niagara, ana zuwa a dawo."

"Ei, Rukaya! Niagara? Kowa da kakarsa Niagara. Mutanen nan sun ga hoton Niagara har ya gundure su."

Sheriff ya gyara zama ya ci gaba kamar ba a katse shi ba. Babu jirgin saman da zai kai su kai tsaye, sai sun sauya a hanya, su sauka a garin Kalispell, su ɗauki hayar mota. Naman halal ba a maganarsa a can, don haka za su tafi da kilishi da garin rogo da shito. Ta nemi takalmi mai ƙarfi da rigar sanyi, don ko a Yuli kan dutse da sanyinsa. Akwai wata dabba kuma, beya, wadda ake sayen gwangwanin barkono a fesa mata in ta taso.

"Kwana nawa?"

"Bakwai."

"Kwana bakwai don hoto?"

"Ai ba a yin tafiya mai nisa haka a juyo washegari." Ya turo mata takardar masaukin da ya buga. Wani ɗan gidan katako ne a bakin tafki, da bishiyoyi dogaye a bayansa. Kyau kam akwai shi. Amma Rukaya ba bishiya take dubawa ba, idonta yana kan layin ƙasa.

"Yaya Sheriff, ɗaki ɗaya na gani."

"To da nawa za ki gani? In suka nemi rasit suka ga miji da mata sun kama ɗaki biyu fa? Akwai doguwar kujera a falo." Ya ɗago ya dube ta. "Kuma ki daina ce mini Yaya. Kar bakinki ya saba ki je ki faɗa a gabansu."

Maganarsa duk da hujja. Abin da ya dame ta ke nan. Kowace ƙofa ta taɓa sai ta tarar ya riga ya kulle ta, kamar wanda ya kwana uku yana shirya amsa.

Ta waiwaya wajen Baba Tamimu, wanda ke zaune a lungu da carbi tun shigowarta.

"Baba, kai me ka gani?"

Tsohon ya miƙe tsam, ya ce bari ya leƙa shago, ya fice ko hularsa bai ɗauka ba. Mutumin da in aka ce za ta Brooklyn sai ya tambayi da wa, a wane jirgi, yaushe za ta dawo! Yau ana maganar kai ta bangon duniya da namiji, ya rasa ta cewa.

Kwana biyu bayan nan ta dawo daga aiki ta tarar da leda a kan gadonta. Ta zata rigar sanyin ce. Tana zazzagewa sai ga rigunan barci guda uku, irin waɗanda ko ita kaɗai a ɗaki za ta ji kunyar sakawa, ga kwalbar humra, ga turaren wuta.

Ta ɗauki ledar ta nufi kicin.

"Mma, wannan fa?"

"Kayan tafiya."

"Su ma a hoton za su fito?"

Mma Hamdatu ta ci gaba da tuƙa tuwonta. "Ke dai kin cika bincike paa. Mace ba ta tafiya da tsumma. Kuma in gaya miki gaskiya, yaron nan Sheriff ba abin yarwa ba ne. Wancan Bakanon naki, wata goma, ko mutum ɗaya daga danginsa ya tako gidan nan? Yayarsa ba ita ce ta ce ba sa auren 'yar Zango ba?"

Rukaya ta koma ɗaki. Ruwa dai ba ya tsami banza.

*

Ranar Lahadi da la'asar ta hau jirgin ruwa zuwa tashar St. George, a tsallaken su Faruƙ. Iska tana kaɗa mayafinta, 'yan yawon buɗe ido suna ta turereniyar ɗaukar hoto, ita kuwa tana rungume da albam ɗin da lauya ya ce ta haddace ranakun da ke ciki.

Faruƙ yana jiranta a bencin da suka saba zama, inda ake hango dogayen benayen Manhattan. Siriri ne mai tabarau, mai sanyin magana, irin mutanen da in ransu ya ɓaci sai muryarsu ta ƙara yin ƙasa. Ta zayyana masa komai, ban da rigunan barci. Wannan kam bakinta ya ƙi ɗauka.

"Kwana bakwai," ya maimaita. "Ɗaki ɗaya."

"Ya ce akwai kujera."

"Kujera." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Rukaya, tambaya zan yi miki, ki ba ni amsa tsakaninki da Allah. Ke kina son zuwa?"

"Faruƙ! Ni kake tambaya haka?"

"Ke nake tambaya. Wata goma ina faɗa da Yaya Halima Sa'adiya a kanki. Ta ce mini macen da ta iya zama matar wani a takarda, wata rana za ta zama tasa a ɗaki. Na ce mata ba ta san ki ba. Yanzu in koma in ce mata me? Kin tafi shan iska kan dutse da shi?"

Hawayen da take riƙewa tun cikin jirgi suka ɓalle.

"Da ina son zuwa zan ƙetaro ruwa in kawo maka ƙara? Wallahi tun ranar da na ga taswirar nan ban yi barcin kirki ba. Kowa a gidan yana kallona kamar akwai abin da ya sani ni ban sani ba. Baba ba ya haɗa ido da ni. Na zo wajenka in ji sanyi, kai ma ka ɗora mini zargi. To ina zan sa kaina? In na ƙi zuwa a ce na ɓata takardata da hannuna, in na je in rasa ka. Kai ne fa nake wannan wahalar dominka!"

Kunya ta kama shi. Ya miƙa mata hankici.

"Yi haƙuri. Kishi ne, ba na iya masa." Ya nuna albam ɗin don ya sauya magana. "Mu ga hotunan da ba su ishe su ba, har sai an haɗa da beya."

Ta yi 'yar dariya cikin kuka, ta buɗe masa. Ga su a ofishin gwamnati. Ga su a wajen suna. Ga su a gaban tirelar Sheriff. Faruƙ yana juyawa yana taɓe baki, har ya zo wani shafi ya tsaya.

Maza ne cike da ɗaki a kan darduma, sun fi arba'in, ga tiren goro da dabino a tsakiya. Wani dattijo mai farin rawani ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga.

"Wannan fa?"

"Na masallaci ne. Lauya ya ce tunda Musulmi ne mu za a so ganin hoton ɗaurin aure. Shi ne Baba ya tara mutane bayan Juma'a aka ɗauka."

"Wannan ai Malam Saani ne."

"Ka san shi?"

"Na yi karatu a wajensa azumin bara. Rukaya, mutumin nan ko hoton fasfo sai da aka lallashe shi. Shi ne zai zauna a yi wasan kwaikwayo da Fatiha?" Ya matso da hoton kusa da ido. "Me aka faɗa a wurin?"

"Ina zan sani? Mace tana zuwa ɗaurin aure ne? Muna gida muna dafa wake da shinkafa."

"Ba wanda ya zo ya tambaye ki komai?"

Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta tsaya.

"Wasu mutum biyu sun zo bakin ƙofa. Wai Malam ya aiko su, tunda ni bazawara ce sai an ji daga bakina."

"Kika ce me?"

"Muna ta dariya da su Mma. Na ce na yarda mana." Ta sake duban hoton. "Har na ce na yarda sau uku ma in suna so."

Faruƙ ya rufe albam ɗin a hankali. Ta lura ya ɗan ja jikinsa zuwa ƙarshen bencin.

"Tashi mu je wajen Baba," in ji shi.

*

Shagon Baba Tamimu na kayan abincin gida ne, buhunan gari da doya da manja har bakin ƙofa. Suna shiga suka tarar da Sheriff a ciki yana jera ƙullin kilishi a cikin kula, shi ma guzurin Montana yake haɗawa. Ya dubi Faruƙ, Faruƙ ya dube shi, aka yi gaisuwar da ba ta wuce leɓe ba.

Rukaya ta buɗe albam ɗin ta ajiye a kan kantar shagon.

"Baba, don girman Allah, me aka faɗa a wurin nan?"

Tsohon ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya zauna daɓas a kan buhun shinkafa.

"Na san ranar nan tana zuwa," ya ce. "Rukaya, ni hoto na shirya, Allah shaida ne. Na ce wa mutane su zo a ci goro a ɗauki hoto. Limaminmu ya san zancen, amma ranar ya yi tafiya, ya bar Malam Saani a madadinsa. Shi kuwa sabon zuwa ne daga Tamale, ba wanda ya iya tararsa ya ce wasa ne. Kafin in ankara ya ce ina waliyyi. Na ce ga ni. Ya ce ina mai nema. Ya aika aka tambayo ki. Ya ce mene ne sadaki."

"Ba a ba ni sadaki ba!" Ta faɗa da sauri, kamar wadda ta samu reshen kamawa.

Baba ya kalli hannunta. Ita ma ta kalla. Zoben zinare ne siriri, wanda Sheriff ya kawo ya ce ta riƙa sakawa saboda masu bincike.

"Shi aka ambata," in ji Baba. "Malam ya tambaye ni ko na ba Sheriff aurenki. Mutum arba'in suna kallona. In ce me? In ce mun taru a ɗakin Allah mu yi ƙarya? Na ce na ba shi. Sheriff ya ce ya karɓa. Aka shafa."

"Amma ai wasa ne! Kowa ya san wasa ne!"

"Washegari na je na same shi a ɓoye na gaya masa. Ya kusa dukana da sandarsa. Ya ce aure ba ya cikin abin da ake wasa da shi, an nema, an bayar, an karɓa, ga shaidu. Ya ce in je in gaya miki. Kullum sai in ce gobe."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Rukaya ta dafa kantar shagon. Ta juya ga Sheriff.

"Kai ma ka sani."

"Na sani."

"Shekara ɗaya da rabi kana kallona ina ce maka Yaya."

"Na zata zan iya sakinki in lokaci ya yi," ya ce, idonsa a ƙasa. "Wallahi da niyyar haka na shiga. Amma lauya ya ce in haddace ki, Rukaya. Abin da kike ci, abin da ba kya ci, wane gefe kike kwanciya, sunan makarantarki ta firamare. Ina tuƙi daga nan har Seattle ina bitarki ni kaɗai a mota. Mutum ba dutse ba ne. A nan kuwa kullum kina aiki, ko kina tsallaken ruwa. Na ce in na kai ki inda ba Mma, ba waya, ba kowa, in gaya miki da bakina, ko Allah zai sa ki dube ni sau ɗaya."

"Ka kai ni inda ba ni da kowa, sannan ka gaya mini ni matarka ce? Wannan shi ne hutun?"



Ta shiga murɗa zoben tana kuka, ya ƙi fita, sai da ta kusa saɓule fatar yatsan sannan ya fito. Ta dire shi a kan murfin kular.

"Ga sadakinka. Takardar ma na yafe, su mayar da ni Kumasi in sun ga dama. Ka sake ni, yanzu, a gaban Baba."

"Ba zan iya ba."

"Sheriff!"

"Ban ce har abada ba. Kwana bakwai na roƙa. In mun dawo kika ce ba kya yi, zan rubuta. Amma ba zan sake ki ba alhali ban taɓa zama da ke ko na yini ɗaya ba."

Baba Tamimu ya sunkuyar da kai. Ta san ba abin da zai fito daga nan. Sai ta juya ga mutum ɗaya da ya rage mata. Tun da aka fara magana Faruƙ yana tsaye bakin ƙofa kusa da buhunan gari, ya harɗe hannu a ƙirji, idonsa jawur a bayan tabarau.

"Faruƙ, ka yi magana mana! Ka gaya masa yadda muka yi. Ka gaya masa kai nake so, ba inda za ni!"

Ya girgiza kai.

"Ba ni da bakin magana a nan," ya ce da wata murya da da ƙyar ta ji. "Wata goma ina zance da matar mutum ban sani ba, wannan ma ya ishe ni istigfari. Yanzu na sani. In na ce ki rabu da shi, na zama mai raba aure."

"Ni ce fa, Faruƙ. Rukaya ce."

Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. Bai kuma ƙara kallon fuskarta ba. Ya juya ga Sheriff, kamar yadda ake yi in za a yi wa matar aure sallama.

"Malam Sheriff, ka yafe mini shiga gonarka da na yi. Ka ce wa iyalinka ita ma ta yafe mini."

Ya tura ƙofa ya fita. Rukaya ta bi shi da gudu har kan titi tana kiran sunansa, mutane suna waiwayenta. Ta tabbata ya ji, don ta ga kafaɗarsa ta girgiza. Amma bai juyo ba.